Ranar da Rilwanu Ya Saki Gonaki

A Kukar Goje, wani ƙauye da ke ƙasar Gangara, babu fim ɗin da ya taɓa shigowa ya fita da mutuncinsa. Dalili kuwa Rilwanu. Kowace safiya zai zauna a bencin Mumuni mai shayi, kamera rataye a wuya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya shiga yanke wa 'yan fim na duniya hukunci, daga Indiya har Kano, alhali ba wanda ya kawo masa ƙara.

"Finafinan yanzu," in ji shi, "ba sinima ba ne, wanki ne da guga. Mutum zai faɗa rijiya, a fiddo shi riga a goge. Uwa za ta rasa ɗa, ta yi kuka ido a bushe, jan-baki bai ko motsa ba. In ana son taro, sai a tura mutum goma cikin ordinater, wato kwamfuta, ya haifo dubu, duk da hula iri ɗaya. Amma ku dubi na da! Baƙi da fari, hoto yana rawa, amma doki doki ne, ruwan sama ruwan sama ne. Ɗan wasa in an harbe shi, sai ya yi rabin yini yana mutuwa, har ka tausaya wa ƙasar da zai faɗo a kai."

"To kai ina naka?" in ji Mumuni, yana fifita gawayi.

"Yana nan tahe. Ba a yi wa sinima gaggawa."

"Shayi ma ba a yi mishi gaggawa, amma ana sha."

Ilimin nan Rilwanu ya samo shi ne a Maraɗi, inda ya yi 'yan shekaru yana share wani gidan kallo, yana cinye tsofaffin kaset da mai gidan ya tara a buhu. Ya dawo da tabarau, da hula mai baki, da kalmar "realizater", wadda ya ce ita ce sunan mai ba da umarni a fim, kuma shi ne. Kamerar kuwa, wansa Shu'aibu, mai fataucin raguna, shi ya saya masa don ya riƙa ɗaukar biki da suna. Biki ɗaya ya taɓa zuwa. Da aka zauna kallon abin da ya ɗauko, sai ga wata kaza tana tono a bayan rumfa, tun daga ɗaurin aure har kai amarya. Ya ce a duk taron ita kaɗai ce ba ta san ana ɗaukarta ba, don haka ita kaɗai ta yi wasa na gaskiya. Dangin amarya ba su kai wannan zurfin ba. Tun daga ranar kowane biki sai Mudassir mai cajin waya, wanda ke ɗauka da salula, ya jera furanni a gefen hoto, kowa ya tafi yana murna.

Kaka ta yi. An yanke gero an kai rumbu, saura wake da harawa a gonaki. A wannan lokacin ƙauyen duka kunne ɗaya yake da shi, kuma yana wajen Chindo mai shela. Tun saukar damina awaki da tumaki suna turke, makiyaya kuma suna tsare da shanunsu a daji, ba mai taka gona. Sai hukuma ta sa rana, ta sanar da maigari, maigari ya gaya wa Chindo, Chindo ya rataya ganga ya ce an saki gonaki. Daga wannan kalma, duk abin da mutum ya bari a gona ya zama rabon dabba, kuma ba shi da bakin ƙara.

Ana cikin haka Shu'aibu ya shirya tafiya. Ya tsaya a ƙofar gida, ya kira ƙanensa.

"Zan kai raguna Gidan Rumji, sai bayan kasuwa zan komo. Waken gandu ya bushe. Ka nemi mutane ku roro, ku ɗaure harawa ku aza bisa itace kahin a saki gonaki. Ita ragunana za su ci har bazara."

"Yaya, ka ɗauka an gama."

"Ban ɗauka ba. Ka ga abar nan ta wuyanka? Hannuna na sa na saye ta. In na dawo na iske dami ɗaya ya salwanta ta dalilinka, hannun nan zan sa in cire ta."

Rilwanu ya tafi gandu da niyya mai kyau, har da lauje. Amma da ya tsaya a bakin shingen ƙaya, ya ga yadda rana ta kwanta a kan harawar, rawaya-rawaya da ɗan sauran kore, sai ya haɗa yatsu ya yi taga, ya leƙa. Nan take ya gane cewa wanda duk ya sa wa gonar nan lauje kafin a ɗauke ta a fim ya ci amanar tarihi. Kafin ya kai gida har ya gama tsara fim ɗin a kansa. Labari ne na zamanin kakanni, kuma zai buɗe da shelar sakin gonaki. Abin da zai biyo baya bai riga ya sani ba, amma ya ce manyan finafinai duka haka suka faro.

Ya fara neman aron shanu wajen Ruga Dikko, shugaban makiyayan da ke zaune a dajin gabas. Dikko ya saurare shi da haƙuri har ya gama, sannan ya ce shanunsa ba sa zuwa kusa da gona sai an saki gonaki, ko da fim ɗin na gwamna ne. Rilwanu ya dawo yana cewa mutanen daji ba su san fasaha ba.

Sai ya gwada Mumuni a matsayin mai shela. Ya rataya masa tsohon galan, ya ce ya yi. Mumuni ya buɗe baki, murya ta fito siririya kamar ta mai neman aron gishiri.

"Kupe!" in ji Rilwanu. Wannan, in ji shi, ita ce kalmar da ake tsayar da komai a sinima. "Ka ga abin da ke kashe finafinan yanzu ke nan. A ɗauko mai shayi a ce mai shela ne. Mu na gaske za mu sa."

Chindo tsoho ne, gangar kuma gadon gidansu ce. Ya ji buƙatar, ya girgiza kai.

"Ɗana, muryar nan ba tawa ba ce. Ta maigari ce, ajiya aka ba ni."

"Baba Chindo, ka san a ƙasashen da suka san sinima mai murya irin taka ba ya taka ƙasa? Kana nan kana ɓata ta a kan cigiyar jaki da allurar yara. In ka mutu, Allah ya ja da ranka, wa zai san ka yi murya?"

Chindo ya shafa gangarsa. Wannan tambayar ba a taɓa yi masa ita ba.

"Za a gan ni a Gazawa?"

"Gazawa? Ka ce Yamai. Ka ce Wagadugu."

"To. Amma can bayan gari, kuma a hankali."

"Kamar raɗa, Baba."

Da safe suka fita su uku zuwa gindin kuka a bayan gari. Chindo ya sha babbar riga, ya taɓa ganga da ɗan yatsa, ya faɗi shelar ƙasa-ƙasa yana waige.

"Kupe! Wanga shela ce ko ta'aziyya? A sake."

Aka sake. Rilwanu ya ce murya ta fito amma ido bai fito ba. Aka sake, ido ya fito, ganga ta noƙe. Aka sake, wani jaki ya yi kuka. Kowane sakewa Chindo yana ƙara zafi, domin tsoho ne da bai saba a ce masa bai iya ba. Can Rilwanu ya sauke kamera ya dubi filin da ke gabansu.

"Wa yake yi wa shelar? Tururuwa? A finafinan da, ba mai magana ake kallo ba, fuskokin masu ji ake kallo. Mu matsa bakin rijiya."

Bakin rijiya kuwa a wannan lokacin cike yake da mata. A hanya Rilwanu ya aika Mumuni ya aro amsa-kuwwar wani mai tallar maganin basir da ya kwana a garin. Mumuni ya kawo, ya raɗa masa:

"Kai, ba mu gaya musu wasa ne ba?"

"In ka gaya musu sai su fara wasa. Ni ba wasa nake so ba."

"Mi kake so?"

"Gaskiya."

Ya kuwa same ta. Chindo ya ga taro, ya ga amsa-kuwwa, ya ga kamera, ya manta da maganar raɗa. Ya narka wa ganga duka, ya ja numfashi tun daga tafin ƙafa:

"Jama'a ku ji, ku ƙara ji! Maigari yana gaishe ku! Ya ce a gaya muku an saki gonaki! Mai akuya ya kwance, mai saniya ya koro! Wanda ya bar nasa a daji, ya bar wa kansa!"

Guga ta kuɓuce wa wata ta faɗa rijiya da igiyarta. Matan suka rabu biyu a tsaye. Masu wake a gona suka ɗora hannu a ka suna salati, masu awaki a turke suka rangaɗa guɗa. Wadda ke da duka biyun ta yi gabas, ta dawo, ta yi yamma. Wata budurwa, wadda ta danna ɗaukar murya a salula tun bugun ganga na farko, ta tura muryar Chindo ga duk wanda take da lambarsa.

Inna Habi, maƙwabciyar su Rilwanu, mai awakin da suka fi na kowa yawa da rashin kunya, ta yar da tulu.

"Alhamdu lillahi! Tun shuka nake yankar wa 'yan banzan nan ciyawa, bayana ya ƙare!" Ta tattare zane ta zura da gudu.

"Inna Habi!" Rilwanu ya ƙwala. "Kin fita daga hoto! Dawo ki sake gudun!"

"Ka gaya wa kakarka ta sake!"

Rilwanu bai ko ji haushi ba. Ya ce wa Mumuni ya duba, wannan tsoron ba a saye shi, wannan murnar ba ordinater ya haife ta ba. Ya sa Chindo ya ƙara shelar don a ɗauke shi ta gefe, ya ƙara don a ɗauke shi ta ƙasa, ya ƙara don a ɗauki gangar ita kaɗai. A ta ƙarshe muryar ta fara tsagewa, amma Rilwanu ya ce tsagewar ma fasaha ce. Batir ya mutu, ya canza wani da sauri, ya ruga bakin gari.

Awakin Kukar Goje sun yi wata da watanni suna kallon gona ta ramin darni. Ba su tsaya gaisuwa ba. Suka fito daga kowane lungu, da guntayen igiya a wuya, tumaki na biye da su don ba su da wani ra'ayi. Maza suka fito daga masallaci da majalisa, wasu da sanda, wasu da buhu, kowa ya nufi gonarsa yana tambayar na kusa da shi yaya aka yi bana aka saki da wuri haka. Ba wanda ya tambaya ko an saki ɗin. Chindo ne ya faɗa.

"Ya isa haka," in ji Mumuni. "Ka tsayar da su."

"Saura kaɗan."

Sai ga shanu. Muryar Chindo ta riga ta isa dajin gabas ta salula, Ruga Dikko ya saurara, ya sake saurara, ya tabbata ganga ce ta gaske, ya ba da izini. Garke bayan garke suka ɓullo, ƙahoni kamar dajin da ya tashi tafiya, makiyayan suna can baya.

Rilwanu ya kusa kuka don daɗi. Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai. Shanun sun karkata kudu, inda rana za ta shiga idon kamera. Haske mai kyau yana gandunsu. Ya kafa kamerar a kan ƙafafunta uku na ƙarfe tana kallon gandu, ya zaga ta gefe, ya janye reshen ƙaya ɗaya daga shingen, ya tsinko harawa ya miƙa hannu yana kaɗa wa wata farar saniya da ke gaba.

"Rilwanu, gonar Shu'aibu ce!" in ji Mumuni.

"Kusurwa kaɗai za su taɓa. 'Yan kaɗan nake so, su shigo su fita."

Farar saniyar ta shigo. Ta bayanta ta shigo. Ta bayan ta bayanta ba ta ga dalilin bin ƙofa ba, ta bi ta kan shingen.

"Kupe!" in ji Rilwanu.

Shanun Ruga Dikko ba su yi lakol ba, balle su ji Faransanci.

"Kupe! Kupe, na ce! Baba Chindo, mayar da shelar! Ka ce an fasa!"

Chindo, wanda ya biyo su yana haki, ya ɗaga amsa-kuwwa ya buɗe baki. Iska ce kaɗai ta fito. Ya sake gwadawa, aka ji wani ɗan sauti kamar ana jan tabarma. Muryar da ta yi shekaru tana tashin gari ta ƙare a kan ɗauka ta gefe da ɗauka ta ƙasa. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya hau dukan ganga da dukan ƙarfinsa don a taru ya yi bayani da hannu. Mutanen tungayen da ke kewaye, waɗanda ke ta shakkar labarin, suka ji ganga ba ƙaƙƙautawa, suka ce to ga tabbaci, suka kwance nasu.

Wani bijimi ya nufi kamera. Rilwanu ya fizge ta, ya bar masa ƙafafun, ya ruga ya dare wani gawo da ke tsakiyar gandu, ƙaya tana rabon rigarsa. Daga can sama ya ga komai. Ya ga harawar Shu'aibu tana shigewa ƙarƙashin bayan shanu, ya ga awakin Inna Habi suna bin sawu suna tsince waken da ya zube, ya ga Mumuni ya rungume amsa-kuwwa yana gudu wani rago na biye da shi. Hawaye ya zubo masa. Amma bai sauke kamerar ba, don ko a cikin hawayen ya ga kusurwar ta yi kyau.

Kafin maigari ya aika mutane a kan babura su zaga su ce ƙarya ne, gandu ya koma kamar filin idi, gonaki da dama kuma sun yi asarar gefe. Labari ya iske Shu'aibu a kasuwar Gidan Rumji. Ya bar ragunan a hannun abokin fatauci ya hau mota. Da ya iso, ya je ya tsaya a gandun, ya daɗe, ya dawo gida. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata Rilwanu ke nan.

"Ta dalilinka ne?"

"Yaya, Chindo ne ya yi shela. Duk gari sun ji. Ni na zo wucewa ne, na ga tarihi yana faruwa, na ɗauka."

"In Chindo ne, tsakanina da Chindo ne. Gobe ma ji a gaban maigari."

Kafin gobe Rilwanu ya yi aikin tace fim na farko a rayuwarsa. Ya goge duk ɗaukar gindin kuka, da inda ya ƙwala wa Inna Habi kira, da duk inda aka ji "kupe". Da ya duba sauran, sai ya ga ashe garin canza batir ya kashe makirfo, duk abin da ya biyo bayan rijiya ba sauti. Ya yi hamdala. Ba muryarsa, ba fuskarsa. Fim ɗin ma ya ƙara kama da na da.

Washegari zauren Maigari Alhassan ya cika har waje. Jandarma biyu sun zo daga Gazawa, ɗaya da takardar rubuta masu laifi a cinya. An ajiye gangar Chindo a gaban maigari, shi kuma yana tsugune a gefe, ya yi zuru-zuru, kowa ya san in aka tashi a haka gangar ta bar gidansu ke nan. Ruga Dikko ya kunna muryar da aka turo masa, ya ce shi abin da ya ji ke nan, kuma a nuna masa makiyayin da zai ji wannan ya zauna. Ba wanda ya musa. Aka tambayi Chindo wa ya sa shi. Ya nuna Rilwanu, ya nuna maƙogwaronsa, ya nuna sama, ya yi ta kaɗa hannu.

"Ranka ya daɗe, yana cewa in shaide shi ne," in ji Rilwanu. "Kuma na shaida. Shi ya yi."

Aka tambayi Mumuni. Mumuni, wanda hannunsa ya ɗauko amsa-kuwwa, ya ce shi tun jiya kansa ke ciwo, ba ya tuna komai sai rago.

Sai rigima ta koma kan dabbar wa ta ci gonar wa. Nan take ya bayyana cewa duk garin ba mai akuyar da ta fita. Inna Habi ta rantse nata suna da tarbiyya. Maigari, dattijo ne mai magana kamar yana auna ta da mudu, ya bari suka gaji, sannan ya dubi wuyan Rilwanu.

"Ka ce ka ɗauka. Mu gani."

"Ranka ya daɗe, ba a gama aikinsa ba. Fim ba a nuna shi ɗanye."

"Waken ma ɗanye aka ci."

Mudassir ya kawo talabijin da batirin sola. Aka rataya tabarmi a ƙofofin zaure, wuri ya yi duhu, aka kunna.

Chindo ya cika allo, riga tana kaɗawa, murya kamar aradu. Sai fuskokin mata, sai guga tana faɗawa rijiya. Zaure ya kwashe da dariya, har da masu asara. Sauti ya ɗauke, awaki suka ɓullo.

"Ga ta Habi nan mai baƙin kunne!"

"Ba tawa ba ce, kama ce!"

"Har da igiyar zanenki a wuyanta?"

Sai shanu suka taso a shiru, rana tana kan ƙahoninsu. Wani hannu ya leƙo daga gefen allo yana kaɗa harawa, farar saniya ta bi shi, shinge ya kwanta. Hoto ya yi tangal-tangal, ya hau sama, sai ga duniya duka daga kan gawo, bayan shanu kamar kogi, gona tana narkewa a ƙarƙashinsu. Dariya ta tsaya. Wani tsoho da ya hango gonarsa a can ƙurya ya share ido da hannun riga. Ko jandarman ya daina rubutu. Rilwanu yana tsaye a jikin bango, yana kallon fuskoki a hasken allo. Ga taro, ga duhu, ga shiru, ga hawaye na gaske. Ya cije leɓe don kada wani abu ya fito.

Aka ɗage tabarmi. Maigari ya daɗe yana shafa gemu.

"Na ga finafinai a Maraɗi ina saurayi," ya ce, "amma ban taɓa ganin irin wanga ba." Ya juya wajen Chindo. "Ashe haka kake, Chindo? Muna zaune da kai ba mu sani ba. Ka zaɓi bakin rijiya. Ka zaɓi lokacin da mata suka cika. Ba ka gaya wa kowa ba, don tsoron ya fito na gaske. Sannan ka je ka buɗe ƙaya daidai inda rana ke faɗa wa shanu, ka jawo farar da hannunka. Wanga kai, ba na ƙauye ba ne."

Chindo ya zaro ido yana girgiza kai. Maigari ya ce a dubi tawali'u.

"Ai ranka ya daɗe, tsarawar ita ce aiki," in ji Mudassir yana naɗe waya. "Mai riƙe kamera ba ya komai. Dannawa ce. Ko akuyar Inna Habi ka rataya wa, za ta ɗauko haka."

"Mi ake ce wa mai tsarawar?" maigari ya tambaya.

"Realizater."

"Chindo realizater!" in ji Inna Habi, ta rangaɗa guɗa. Samari a waje suka ɗauka suna tafi.

Jandarma mai takarda ya gyara zama. "Irin wanga ai Yamai ya kamata a kai shi, wajen gasar finafinai. A sa sunan tsohon a farko, da manyan baƙaƙe."

"A sa," in ji maigari. "Gangar dai ya rasa ta, amma ya samu suna."

"Wane Chindo?"

Kowa ya juya. Rilwanu ya baro jikin bango, jijiyar wuya a tsaye.

"Wane Chindo? Mutumin da ya fara shela kamar mai gaisuwar mutuwa? Sau nawa na sa shi ya sake a gindin kuka? Mumuni, faɗa musu! Wa ya ce a matsa rijiya? Wa ya aika a aro amsa-kuwwa? Shi da ya ce a yi a hankali! Kai kuma mai furanni, dannawa ce? Shanun kudu suka nufa, cikin rana, da hoton ya ƙone ƙurmus! Ni na ga haske, ni na janye ƙayar, ni na tsinko harawar! Ku mayar da shi baya ku dubi hannun nan, ga shi, ga ma inda ƙaya ta karce ni! Tun daga bugun ganga har kan gawo ba abin da ya motsa a garin nan sai da izinina. Fim ɗina ne. Ni kaɗai!"

Kowa ya dubi maigari. Daga waje wata akuya ta yi kuka.

Maigari ya sa hannu ya tura gangar a hankali har gaban Chindo.

"Ɗauki kayanka. Ka sha zuma da citta, kuma daga yau in ba bakina ka ji ba, ko wa ya ce ka yi shela ka ce kana azumin magana." Ya dubi taron. "Duk wanda aka ci wa gona, Rilwanu zai yankar wa dabbobinsa ciyawa har ruwa ya sauka. Shu'aibu, ka ji da kunnenka."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Shu'aibu ya taso ba gaggawa. Ya cire wa ƙanensa hula mai baki, ya riƙe masa, ya kama igiyar kamera ya zare ta ta kansa, ya mayar masa da hular daidai yadda take. Rilwanu ya shafa ƙirjinsa inda kamerar ta saba kwanciya. Ya dubi allon da ya mutu, ya dubi jandarma, murya ta yi ƙasa.

"Amma dai sunana za a sa?"

Jandarman bai ko ɗago ba, biro yana ta tafiya.

"Kwantar da hankalinka, realizater. Shi na fara sawa, can sama, da manyan baƙaƙe."